Littafin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ke da ma'aikatan shirin nan. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji uku a sashen nazarin zamantakewa, shekaruna 22. Abin da ya sa na rubuto miki bai shafi saurayi ko kishiya ba, karatu ne ya hana ni barci.

A zangon da ya wuce aka koyar da mu wani masanin falsafa ɗan Faransa, Mishel Fuko, wanda aka haifa a 1926 ya mutu a 1984. Shi a ganinsa iko bai tsaya a fadar sarki ko gidan gwamnati ba. Yana cikin jadawalin makaranta, yana cikin katin asibiti, yana cikin layin da ake jera yara da safe ana duba musu farce. A littafinsa na 1975 kan gidajen yari ya kawo tsarin wani gini da Baturen Ingila Jeremi Bentam ya zana: ɗakunan fursunoni a kewaye, hasumiya a tsakiya. Mai gadi yana ganin kowa, ba a ganinsa. Tunda fursuna bai san lokacin da ake kallonsa ba, sai ya koma yana gadin kansa da kansa.

Anti, ranar da aka yi wannan lakcar wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce ai haka addini ma yake, an ce mana ana ganinmu don mu kame kanmu. Gabana ya faɗi, don tun ina islamiyya na haddace hadisin ihsani, cewa ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka. Zuciyata ta san ba ɗaya ba ne. Mai gadin hasumiya bai damu da alherin fursuna ba, ko ya bar wurin ma tsarin zai ci gaba da aiki, Ubangijina kuwa da rahama yake dubana. Amma bakina ya mutu a ajin, kuma har yau wannan shirun yana cina.

Sai kuma na biyun. Akwai littafin Fuko na 1976 da sunansa kaɗai ya isa ya jawo wa ɗiya mace magana: tarihin jima'i. Wallahi babu batsa a cikinsa. Bayani ne kan yadda Turawa suka mai da wannan al'amari abin tuhuma da rubutawa, daga faɗa wa limamin coci zunubi har zuwa gaban likita, har mutum ya ɗauka sha'awarsa ita ce ainihin shi. Da na zo hutu Yayana ya gan shi a jakata. Ya bincika sunan marubucin a waya, ya karanta irin rayuwar da ya yi da cutar da ta kashe shi, ya ce ko in rabu da littafin ko ya kai maganar gaban Baba. Ni ma ban yarda da rayuwar mutumin ba, amma ban ga yadda hakan zai goge abin da ya gano game da makaranta da kurkuku ba.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne aikinsa na ƙarshe, na 1984, kan yadda mutanen Girka da Rum na dā suke kula da kansu: mutum ya zauna da dare ya ƙirga abin da ya aikata da rana. Ina karantawa na tuna Baba, malamin zaure ne, kullum yana yi mana zancen muhasaba da tarbiyyar zuciya daga Imam Gazali. A kan wannan nake son rubuta furojet ɗina, in ajiye Fuko da Gazali gefe da gefe in nuna inda suka rabu. Malamin da zai duba aikin ya amince.

Ban taɓa ɓoye wa Baba komai ba sai wannan. Duk sanda ya tambaye ni me ake koya mana sai in ce zamantakewa kawai, in sunkuyar da kai. Shin in riga Yaya zuwa wurinsa? In zan je, da wane baki zan ambaci sunan littafin a gaban mahaifina, ko ta wurin Umma zan bi? Sannan ki gaya mini gaskiya, Anti: mai irin guntun ilimin addinina ya dace ta ci gaba da wannan karatu yanzu, ko in jingine shi sai na ƙara zama gaban malamai? Saura mako uku mu koma makaranta.

Ki gaida mutanen gida.
Ɗiyarki, daga Katsina