Tela ne ni mai waƙa, an kawo mini kwangilar waƙar siyasa

Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na wannan fili. Allah ya saka da alheri bisa yadda kake sauraron matasa. Ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda maganar ta shafa suna karanta jaridar nan.

Ni ɗan shekara 29 ne, a cikin birnin Kano nake zaune, ina da mata da 'ya ɗaya. Sana'ata ɗinki, ni da wani abokina muke haya a shago ɗaya. Waƙa kuwa ba da ita nake ci ba, amma tun ina Islamiyya nake rubuta baituka, malaminmu yana sa ni rerawa ranar saukar karatu. Yanzu da safe ina kan keke, in an ɗauke wuta kuma babu man janareta sai in ɗauko littafina. Ina da ƙaramin fiyano na hannu da nake laluben kari da shi bayan isha'i, a hankali saboda maƙwabta. In kuɗi suka ɗan taru sai in nufi situdiyo a Zoo Road, a buga mini kiɗa, in ɗora murya, in biya 'yar amshi, a gyara a tura mini a waya. Yawancin aikina waƙar ango da amarya ce, sai ta suna, wani lokaci tallan shago. Abin da ake ba ni, haɗe da liƙi, yakan mayar da kuɗin situdiyo har a samu na cefane. Da sallah ta matso nakan ajiye waƙa gaba ɗaya, don ɗinki ne rufin asirina.

Siyasa kuma a gida na sha ta. Mahaifina ɗan PRP ne, kuma da jam'iyyar ta rabu gida biyu bayan zaɓen 1979, santsi da taɓo, shi ya tsaya a taɓo tare da Malam Aminu Kano. Har gobe bai yarda a ce an saye shi ba. A bakinsa na fara jin labarin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, da yadda waƙa ta kai saƙonta ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, da yadda ake ɗaure mutum saboda baitin da ya rera. Ina da katin zaɓe, ina sauraron shirye-shiryen siyasa na rediyo da daddare, kuma a shagonmu ba a yini ba a yi musu ba. Na rubuta waƙoƙi a kan rashin ruwan famfo a unguwarmu, da cunkoson yara a ajin firamare, da halin da muka shiga bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da N200 har ta zo ta haura N1,000. Ban ambaci sunan kowa a cikinsu ba. Ɗaya daga ciki ta ɗan zaga a WhatsApp da TikTok, kuma ita ce ta jawo mini wannan magana.

Wani mai neman kujerar majalisar jiha a mazaɓarmu ya aiko yaronsa. Suna son waƙa, za a ba ni N400,000, rabi kafin alƙalami, sannan in an ci zaɓe akwai alkawarin babur. Malam, ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan daga waƙa ba. Kuɗin hayan gida ya kusa, keken ɗinkina ya tsufa, kuma na daɗe ina burin sayen makirufo da kwamfuta in daina biyan situdiyo. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne mutumin ba wanda nake ƙi ba ne. Na san shi, ya gyara rijiyoyin burtsatse a unguwanni tun kafin ya fito takara, kuma ko ba a ba ni komai ba mai yiwuwa shi zan zaɓa.

Matsalar tana cikin takardar da yaron nasa ya kawo. Rabin abin da suka rubuta yabo ne, wannan ba ni da ja a kansa. Ɗaya rabin kuwa zambo ne ga abokin hamayya, kuma ba a kan aikinsa ba. Suna so in taɓo asalinsa, in ce ba ɗan gari ba ne, in yi habaici a kan sana'ar da mahaifiyarsa ta yi, har da wata lalura da yake fama da ita a ƙafa. Na ce zan soki yadda ya riƙe amanar jama'a, don akwai abin faɗa da yawa a nan. Yaron ya ce mini waƙar da babu gugar zana ba ta tashi a taro, 'yan jagaliya ba sa rawa da nasiha, kuma in ban yi ba akwai masu jira a layi. Gaskiya ya faɗa game da layin. Amma matar nan da ake so in ci wa mutunci tana da rai, jikokinta suna wucewa ta ƙofar shagona, ƙanin abokin hamayyar ma ni nake yi masa ɗinki.

Ga kuma tsoro. Bayan zaɓen gwamna na 2023 kowa a Kano ya ga yadda aka cinna wa gidan wani fitaccen mawaƙin siyasa wuta. Shi yana da iyayen gida da za su share masa hawaye, ni kuwa shagon haya gare ni da keke biyu. Na kuma san Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, tana da iko a kan waƙoƙi, kuma dokar zaɓe ta hana kalaman cin zarafi a yaƙin neman zaɓe. In abu ya ɓaci, muryar da ke cikin waƙar za a nema, ba wanda ya rubuto takarda ba. Ko an cire zambon ma, da zarar na yi wa ɓangare ɗaya waƙa an shafa mini fenti ke nan. Masu biki daga ɗaya ɓangaren za su daina kirana, kuma ranar da na sake yin waƙa a kan ruwa ko makaranta za a ce turo ni aka yi. Wannan ya fi komai damuna, domin waƙoƙin nan su ne abin da na fi so a duk abin da na rubuta.

A gida ma ra'ayi ya rabu. Mahaifina ya ce a zamaninsu mawaƙi da kuɗinsa yake yankar katin jam'iyya, ba biyan sa ake yi ba, kuma in na zagi uwar wani kada in sake shigo masa zaure da fiyano. Matata ba ta son zambon, amma tana ganin in karɓi aikin in lallaɓa su a sassauta, tunda haya ba ta jira. Ban ga laifinta ba, ita ce take fama da tukunya. Abokin shagona cewa yake siyasa kasuwa ce, 'yan siyasar da ke zagin juna yau gobe za ka gan su a ɗaurin aure ɗaya, don haka in ci rabona. Wani malami da na tuntuɓa ya ce yabon mutum da abin da yake da shi ba laifi ba ne, amma cin naman musulmi da aibata halittarsa haramun ne ko nawa aka biya.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Ina da burin wata rana in nemi kansila a mazaɓarmu, ko ma majalisa, tunda dokar 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25. Wasu na cewa waƙa ce ƙofar da talaka irina zai shiga ta. Ni kuma ina ganin wanda aka sani da maroƙon wani ba a cika ɗaukarsa da daraja ba in ya zo neman ƙuri'a.

Malam, shin in koma in ce zan yi yabon kaɗai, ko da za su rage kuɗin, ko in janye gaba ɗaya? In na ƙi, ta yaya zan faɗa musu ba tare da na zama abokin gabarsu ba, alhali unguwa ɗaya muke kuma mai yiwuwa su ci? In kuma na karɓa, me ya kamata a rubuta tsakaninmu don kada a ɗauki muryata a ƙara mata abin da ban faɗa ba? Sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata, don haka ina roƙon a taimaka a duba wasiƙata da wuri.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗanka,
Wani tela daga birnin Kano