Rahoton Ayyukan Shekara: Ganyayyakinmu da Illolin Ciwon Suga

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Bana aikinmu ya karkata ne kan tambaya guda: me ganyayyakin da muke ba masu ciwon suga suke yi a cikin jiki? Malaman kimiyya na cikinmu sun zauna da masu maganin gargajiya sun warware mana zancen. Idan suga ya yi yawa a jini, wani enzayim (sinadarin jiki mai sauya wani abu zuwa wani) mai suna aldos ridoktes yana mayar da shi wani sinadari da ake kira sobitol. Shi kuwa sobitol ba ya fita daga ƙwayar halitta da sauƙi, sai ya taru a ƙwayar ido da jijiyoyi da ƙoda. Yana cikin abin da ke jawo yanar ido da mutuwar ƙafa. Tun 1975 masu bincike a Amurka suka nuna cewa sinadaran tsirrai da ake kira filabonoyid, irin su kwasetin, suna iya danne wannan enzayim a ɗakin gwaji. Kwasetin kuwa yana nan a ɓawon albasa da ganyen zogale, shuwaka kuma tana da ɗan uwansa lutiyolin.

Da wannan muka shiga kasuwa muna tattara ɓawon jan albasa da 'yan tireda ke sharewa. Mun koya wa mambobi shanya ganye a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, tare da rubuta inda aka tsinko shi da lokacin. Da yawa sun rungumi wannan, mun gode.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a rai. A zamanmu na ranar ciwon suga ta duniya, 14 ga Nuwamba, wani dattijo ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan ya zame a hanya bai ji ba. Da muka tambaye shi, ya ce: “Ai 'ya'yana, na bar ƙwayar asibiti tun da aka ce ruwan shuwaka ya isa.” Nan take aka raka shi asibiti.

Don Allah mu ji tsoron Allah a kan wannan. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ba lallai ya yi a jikin mutum ba, kwasetin ma kaɗan ne hanji ke tsotsa. Ko magungunan bature da aka ƙera don danne wannan enzayim ba duka suka tsira ba: an janye tolrestat saboda yana lalata hanta, epalrestat ne Japan ta amince da shi a 1992. Saboda haka kwamitin zartarwa ya yanke cewa duk mamban da ya sa majiyyaci ya bar ƙwayar ciwon suga ta metformin ko allurar insulin za a dakatar da shi.

Maganar neman rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ba ta yi nisa ba, kuɗi ya gaza. Ma'aji zai kawo lissafi a taro mai zuwa, masu bashin kuɗin wata su biya kafin ranar.

Naku,
Sakataren Ƙungiya