Wasiƙa zuwa ga aminiyata a kan fanken da ya ƙi tashi

Assalamu alaikum aminiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya sanyin Ingila? Saƙonki ya iso, na kuma ga hoton fanken. Gaskiya na yi dariya, don ya baje kamar waina, ga mai yana naso a faranti. Kada ki zargi fulawar can, laifin yana wurin kwaɓi da zafin mai.

Ga awon. Fulawa rabin kilo, wato kusan kofi 4. Sukari rabin kofi, gram 100 ke nan. Busasshen yis ƙaramin cokali 2, ko ƙaramar leda guda mai gram 7. Gishiri rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan, sai ruwan ɗumi kamar kofi ɗaya da rabi zuwa kusan biyu. Ki sayi fulawa zalla, ban da wadda aka riga aka zuba wa bekin foda, domin aikin tashin na yis ne.

Ruwan nan ki kula da shi. Ɗuminsa ya zama kamar na wankan jariri, wanda za ki tsoma yatsa ki bar shi ba tare da kin ji zafi ba. Yis abu ne mai rai, idan ruwa ya kusa digiri 60 mutuwa yake yi, kuma daga nan ko kwana kwaɓin ya yi ba zai motsa ba. Kafin ki yi asarar fulawa, ki jiƙa yis ɗin a rabin kofin ruwan da ɗan sukari, ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa a sama, da ransa. In ya tsaya shiru, ki zubar ki sayo sabo.

Ki tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, ki gauraya da sukari da gishiri da gyaɗar ƙamshi, sannan ki juye ruwan yis. Sauran ruwan kada ki zuba gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa, saboda kowace fulawa da irin shan ruwanta. Abin da kike nema shi ne kwaɓin da ya fi na waina kauri sosai amma bai kai na burodi tauri ba. Idan kin ɗebo da hannu ya yi danƙo, ya riƙa saukowa a hankali yana jan jiki. In yana zuba kamar kunu, ruwa ya yi yawa, kuma ina kyautata zaton abin da ya sami naki ke nan. Maganinsa ƙarin fulawa cokali-cokali.

Sai bugu. Nan ne mutane suke ganda. Ki buga da tafin hannu na minti 5 ko fiye, kina ɗagowa kina makawa, har gudaji su ɓace ya yi sumul. Bugun ne yake sa shi danƙon da zai riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa fanken da ya bugu cikinsa ke yin laushi da ramuka.

Ki rufe da leda ko murfi ki ajiye wuri mai ɗumi. A zafin Kano minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, amma a sanyinku zai iya cin awa biyu, kamar yadda yake yi mana da hunturu. Ki ɗumama oven na ɗan lokaci, ki kashe, sannan ki sa robar a ciki. Kada ki bi agogo, ki bi ido: ya ninka biyu, samansa ya yi ƙananan ƙofofi. In kika bar shi ya wuce haka zai faɗa, ya yi tsami, ya kuma sha mai.

Wata magana, na san halin yaranki da zaƙi, amma kada ki ninka sukari. Yawansa yana rage wa yis ƙarfi, kuma yana sa bayan fanke ya yi baƙi tun cikinsa bai nuna ba. Gara ki barbaɗa a kai bayan suya.

Mai kuwa a tukunya mai zurfi za ki zuba, ya kai tsawon yatsa aƙalla, don fanke iyo yake so. A kasko marar zurfi zai zauna a ƙasa ya baje. Man gyaɗa ya fi, in babu kowane man suya marar ƙarfin ƙamshi ya yi. Zafin ya zama wajen digiri 175. In ba ki da ma'auni, ki ɗiga ɗan kwaɓi: ya nutse ya taso nan take yana tsuwa, to ya yi. In ya kwanta a ƙasa, mai bai yi zafi ba kuma zai shanye shi. In ya yi ja kafin ki ƙifta ido, ki rage wuta.

Ki ajiye kwanon ruwa a gefe, ki jiƙa hannu, ki ɗebo daga gefen roba, ki dunƙule hannu ki matso kwaɓin ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya faɗa kusa da man don kada ya fantsamo miki. Girman ƙwai ya yi yawa, kamar rabinsa ya isa tunda zai kumbura. Kada ki cika tukunya, yawa yana kashe zafin mai. Wasu za su juya da kansu, masu taurin kai ki taimaka musu da matsami. Minti 3 zuwa 4 sun yi ja, ki tsame a kwando, kuma kada ki rufe da zafinsa, gumi zai yi. Ki fasa na farko ki duba cikinsa kafin ki ci gaba.

In kina son irin na masu yaji, ki jajjaga attaruhu guda da 'yar albasa ki zuba tun wurin kwaɓi. Ni dai a ganina da kunun gyaɗa ya fi tafiya.

Ki gwada ranar Asabar ki turo min hoto. Ki gaida maigida, ki shafa min kan yara. Su Mama suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Aminiyarki