Zuwa ga kamfanin da ya sayar mani da wuƙar aljihu ta sefa 18,000

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe shugaban kamfani, na so a ce maganar nan ta ƙare tsakaninmu a waya. To amma tun ranar Talata lambarku ta daina shiga daga wayata, in na kira da ta ƙanena kuwa nan take take shiga. Shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Ni mai sayar da hatsi ne a kasuwar Dole, nan Damagaram. Wuƙa ba ado ba ce a wurina. Da ita nake farke bakin buhun gero, in yanke igiyar leda in an sauke kaya, wani lokaci in fere rake in yara sun zo. Wajen farkon watan Mayu na ga tallanku a Facebook: wuƙa mai naɗewa, ta wani irin ƙarfe mai tauri da ake kira D2, sakatar da ba ta kuɓucewa, garanti shekara guda. Na tura sefa 18,000, na ƙara 2,000 kuɗin mota daga Yamai. Takardar turawar tana nan a ajiye.

Ba a rufa wata ba bakinta ya fara lanƙwashewa, a kan igiyar leda fa, ba ƙashi ba. Ƙusar da ke riƙe da ruwan wuƙar ta saki, har ruwan yana girgiɗi. Ranar 9 ga Yuni yarona na shago yana yanke ɗaurin buhu, sakatar ta zame, wuƙar ta rufe a kan yatsarsa manuniya. Ɗinki uku aka yi masa, magani da allura suka ci sefa 6,500.

Na kai ta wurin wani dattijon maƙeri a Birni. Bai ce komai ba, ya ɗauko magagari ya goga kusa da baki. Magagarin ya kama ya ci, garin ƙarfe yana zuba a kan gwiwarsa. Sai ya karɓi tsohuwar wuƙata ƙirar Opinel ya goga a wuri ɗaya, magagarin ya yi ta santsi yana ƙara. Ya nuna wuƙarku ya ce, "Ɗana, wannan ba ta sha wuta yadda ya kamata ba." D2 na gaskiya ƙarfe ne mai tsananin tauri, abin da aka fi kuka da shi ma shi ne wuyar wasawa. Taku ko a bakin tsohon turmi sai ta wasu, ta kuma dakushe kafin azahar.

Tunda a tallanku kun ce ta fi "tsofaffin wuƙaƙen Turawa", bari mu gwada. Opinel lamba 8 da nake da ita ƙotar itace ce, ruwanta santimita 8.5, da zoben ƙarfe da ake murɗawa ya kulle. Tun 1890 ake ƙera irinta a Faransa, zoben kuma aka ƙara shi a 1955. Aibinta na sani: da damina ƙotar kan kumbura ta yi wuyar buɗewa, ruwan kuma yana tsatsa in ba a shafa mai ba. Wuƙar mahaifina ƙirar Okapi, mai zoben ja a baya, ba kyau gare ta ba, kaifinta ma ba ya daɗewa, amma ba ta taɓa rufewa a hannun kowa ba. Kuɗin su biyun in an haɗa bai kai na taku ba.

Na yi ta kira, ana ce mani "patron ya fita". Na aika hotuna, shiru. Sai ranar 23 ga Yuni, ƙarfe 4 da minti 20 na yamma, wani ma'aikacinku ya ɗauka. Na yi masa bayani cikin mutunci. Ya ce, "Alhaji, wuƙar nan ba ta 'yan buhu ba ce, ta waɗanda suka san kaya ce." Na ce to garantin fa? Ya yi dariya ya ce, "Garantin na nan Yamai, ka zo ka ɗauka." Ya kashe. Yaron da a murya bai fi ɗan cikina ba.

Abin da nake nema: ku mayar mani da 18,000 ɗina da kuɗin mota, ku biya 6,500 na magani, wanda ya yi mani wannan magana kuma ya kira ya ba da haƙuri da bakinsa. Wuƙar ba na son wata a madadinta.

Kuma ku cire D2 da garanti daga tallanku. Da na ba da labarin a rumfarmu, wani mahauci da wani baduku suka fito da nasu, duk ciwo ɗaya. Ashe kun san abin da kuke yi. Kun san babu mai hawa mota ya yi tafiyar kusan kilomita 900 saboda wuƙa, kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi kuɗinta. A kan wannan nisan kuke kasuwanci, ba a kan ingancin kaya ba. Mutanen Mirya da Magarya da Tanut da kuke aika wa kaya kowane mako, wa zai bi masu kadi?

Na ba ku zuwa ƙarshen wata. In ban ji daga gare ku ba, zan kai wuƙar da takardun asibiti gaban hukuma, maƙerin kuma ya ce zai zo da magagarinsa.

Wassalam.
Mai sayar da hatsi, kasuwar Dole, Damagaram