Daga Hurgada ta ƙasar Masar: a gaya wa Inna ina nan lafiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara, ya damina? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon da Gwaggo ta turo tana kuka, wai kifi ya cinye mutum a garin da nake, har maƙwabta sun fara shigowa yi wa Inna jaje. Don Allah wa ya nuna mata bidiyon nan? Na san aikin Auta ne. Mai hawan jini ake nuna wa irin wannan?

Abin dai ya faru. Ranar 8 ga Yuni, 2023, wani saurayi ɗan Rasha mai shekara 23 yana iyo kusa da gaɓa, kifin shak, irin mai ratsi-ratsi a jiki, ya kama shi mutane na kallo ba yadda za su yi. Inna lillahi. Hukuma ta rufe bakin ruwa tsawon kilomita 74 na kwana biyu, aka kuma kamo kifin. Bara ma a watan Yuli an rasa mata biyu a Sahal Hashish, kudu da mu kaɗan, ɗaya 'yar Ostiriya, ɗaya 'yar Romaniya. To amma Turawan da ke faɗawa Bahar Maliya kullum ba su ƙirguwa, kuma ana buɗe wurin suka koma abinsu.

Tsofaffin matuƙa jirgi na nan cewa suke yi mutane ne ke jawo shi bakin gaɓa: a zuba ragowar abinci a ruwa, a jefa wa kifaye nama don baƙi su ɗauki hoto, masunta kuma sun kwashe abin da yake ci a can ciki. A 2010 da ya kashe wata Bajamushiya a Sharm al-Shaik, har an zargi wani jirgin da ya ɗauko tumakin layya da watsar da mushe a teku.

Ka ce wa Inna aikina a ɗakin wankin otal yake, tsakanina da ruwa sai na famfo. Amma kai zan gaya maka, wani lokaci nakan bi jirgin da ke kai baƙi kallon murjani, in dafa shayi in wanke kwanuka, don a nan ake samun tukwici. Ba na sauka cikin ruwa, wallahi. Kada wannan ya wuce kunnenka. Da wannan tukwicin aka yi rufin ɗakin Inna, duk da na ji masu cewa na zo Masar na manta gida.

Na turo dubu ɗari da hamsin ta hannun mutumin nan na Alƙahira. A fara da maganin Inna, na wata biyu. Sannan taki, kafin ya ƙara tashi, tunda na ji yadda komai ya yi tsada daga cire tallafin mai. Abin da ya rage a haɗa da na wajenka a sayi ragon layya, ko ƙarami ne. Sallar bana ma ba da ni za a yi ba. Ka ba ta haƙuri, ni kaina abin yana damuna, dare ya yi sai in kasa barci.

Kada a ba Auta ko sisi. Zancen babur ya jira. Kuma an ce min kullum yana bin samari wanka a kududdufin bayan makaranta, ga ruwa ya fara cika. Shi da bai iya iyo ba! Ana can ana yi min kuka, ga shi a gabanku ba mai tsawata masa. Ka haɗa shi da Kawu.

Na sake faɗa: magani tukuna, sannan taki. In kuɗin sun shigo ka kira ni bayan Isha'i, ka ba Inna wayar ta ji muryata.

Ƙaninka.