Gasar kamfanonin waya ba ta kai Zango ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in taɓa batun intanet a nan Gana. Tun 2020 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa, da nufin ƙananan su samu su miƙe. Vodafone ta koma Telecel, AirtelTigo da gwamnati ta karɓa ta koma AT, amma ka tsaya a rumfar mai tura kuɗi a Aboabo ko Asawase a Kumasi ka ji layin da ake tambaya. Gudummawar suna, kuɗin makaranta, cinikin goro, duk ta waya suke bi, kuma ba wanda zai bar layin da dangi suka saba turo masa kuɗi don data ta ɗan fi sauƙi a wani wuri. Tun 2011 mutum na iya canja kamfani ya riƙe lambarsa, sai dai mutane nawa ne a Zango suka san da haka?

Da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a Maris 2024, sai ga jama'a na rububin sayen duk layin da bai ɗauke ba. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo a shekarar, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin tela da mai shayi.

Roƙona ga NCA: ta riƙa buga ƙarfin sabis na kowane kamfani unguwa-unguwa, a kuma karanta da Hausa a rediyo, mu san abin da muke saye da sidinmu.

Naka,
Mai gyaran waya, Aboabo, Kumasi