Mai cutar Parkinson inshora yake buƙata, ba takardar sallama ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomi kan ma'aikatan da cutar Parkinson ta kama. Ciwo ne da ke tasowa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine suka fara mutuwa: hannu ya riƙa rawa, tafiya ta yi nauyi, rubutu ya ƙanƙance. Hankali kuwa a shekarun farko yawanci yana nan daram. Amma da an ga akawu na kokawa da biro wajen sa hannu, sai tsegumi ya tashi, wai tsufa ne ko sammu, daga nan sai sallama.

Inshorar ma'aikaci a jikin albashi take. Aiki ya tafi, kati ya bi shi, alhali levodopa, maganin wannan cuta, na kullum ne har ƙarshen rai.

Dokar NHIA (Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, dokar 2018 kuma ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. To, a aiwatar mana! A sauƙaƙa aiki ga mai ciwon, a kuma tabbatar maganin na samuwa a asibitocin da ke karɓar kati.

Naka,
Mai karatu daga Zariya